Tsohuwar Kwamfutata Da Kwalin Malam Zakari

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allar da ta ce ko aure aka ɗaura min a ɓoye shi ya sa na yi ɗif. Ba aure ba ne, 'yar uwa. Kwamfuta ce. Ku gyara zama, yau da ciwon kai na zo muku.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Talatu, a Makera nake zaune da Innata, can bayan tsohuwar masaƙa. Ban shiga aji da wuri ba. Lokacin da sa'o'ina ke ɗinka kayan sakandare, ni ina jinyar Baba, ina taya Inna dakan itacen turare, don sana'arta ke nan, turaren wuta da humra. Sai bayan rasuwarsa na shiga makarantar manya, na zauna benci ɗaya da masu jikoki, na yi ta rarrafe har na kai inda nake yanzu, ajin ƙarshe a karatun malanta na ƙarshen mako. Abu ɗaya ya rage tsakanina da takardar shaida: in gama buga kundin bincikena in miƙa kafin watan nan ya mutu. Wanda bai miƙa ba, sai kuma baɗi.

Kwamfutar ta Yaya Shehu ce, 'yar Beljiyam, wato ta hannu, ya bar min ita da zai tafi aiki Fatakwal. Nauyinta kamar dutsen niƙa. Rabin haruffanta sun goge, da ka nake laluben su, kusurwa ɗaya kuma salatif ne ke riƙe da ita. Amma ta yi min rana, ban taɓa raina ta ba. Sai yanzu da na zo babi na huɗu ta tsiro da sabon hali.

Ina cikin bugawa sai in ji fankar cikinta ta fara kuka kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Sai ƙasanta ya ɗau zafi har in janye cinyata. Sai allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, wasu rubuce-rubucen Turanci su cika shi, kafin in kai ƙarshen layin farko, ɗif. Duk abin da ban adana ba ya tafi. Akwai wata tsohuwa da na yi hira da ita a Kakuri, maganarta na buga na sake bugawa har na haddace ta kamar karatun allo.

To a nan Malam Zakari ya shigo.

Zakariyya'u sunansa, a Rido yake aiki, shi ke tsara layin motocin dakon mai. Ya daɗe yana zuwa wajena. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin an aibata shi ba, ga tsafta, shaddarsa kullum a tsaye take kamar an kafe ta. Matsalarsa ɗaya: in ya zo zance, shi ne gidan rediyon, ni ce masu sauraro. Na san sunan kowane direba, na san wanda tayarsa ta fashe a Gonin Gora, na san wanda matarsa ta yi yaji. Tun farko na roƙe shi ya dakata min da maganar manya sai na gama makaranta. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Ya ce ya ji.

Ranar wata Lahadi da la'asar yana falo yana jirana, na ce bari in ƙarasa sakin layi ɗaya. Allon ya yi shuɗi. Ban san lokacin da na saki salati da ƙarfi ba.

"Lafiya, Malama Talatu?"

Na fito da ita a hannu kamar mai ɗauke da gawar kaza. "Ta sake mutuwa."

Ya kalle ta sama da ƙasa, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wannan ai ba mutuwa ta yi ba, ritaya ta yi. Haba Malama, kina da ni kina fama da tukunyar gasa masara? Gobe-goben nan zan aiko miki da sabuwa dal a kwalinta. Akwai wani yaron ogana da ke kawo su, siririya kamar faranti. Ya tuna min wani direbanmu, Monday, da ya sayo..."

"A'a, na gode. Za a gyara."

"Gyara me? Bari ki ji yadda Monday ya ƙare."

Na zauna na ji yadda Monday ya ƙare. Abin da ban sani ba, Gwaggo Dije tana bayan labule.

Gwaggo Dije yayar Baba ce, a Tudun Wada take, amma tun da Baba ya rasu ta mai da gidanmu ofishinta. Kafin ƙarar mashin ɗinsa ta gama ɓacewa ta faɗo falon, mayafinta a kafaɗa, carbi a hannu.

"Ke yanzu da bakinki kika ce a'a? Kwamfuta sabuwa? Talatu, wa ya yi miki baki? 'Yan mata na can suna rawa a kan turmin atamfa, ke an ce ga na'ura a kwali kina yanga."

"Gwaggo, in na karɓa me za a ce?"

"Me za a ce kuwa? A ce Allah ya sanya alheri."

Kun ji fa. Ku da kuka san unguwanninmu ba sai na yi muku dogon bayani ba. Kyautar saurayi in ta wuce sabulu da man shafawa, ta shigo gida a kwali, aka yanke salatif ɗinta a gaban mata, aka zaga da ita maƙwabta suka sa albarka, ta tashi daga kyauta ta zama amsa. Daga ranar ba mai sake tambayarki ko kina so. Ranar da kika ce za ki yi tunani, sai a ce to da kika karɓi kayan mutane fa? Ni kuwa ba ƙin Malam Zakari nake yi ba. So nake in na tashi ba da amsa, bakina ya ba da ita, da takardata a hannu. Ba kwali ya amsa a madadina ba.

Na waiwaya wajen Inna ko za ta sa baki. Tana tsakar gida a tsugune gaban kasko, tana juya itacen turare cikin narkakken sukari, ko kai ba ta ɗago ba. Na ce a raina, shi ke nan, bakinsu ɗaya.

Na shiga ɗaki na tura wa Rhoda saƙo. Rhoda ajinmu ɗaya, a Kamazou take, ita ma da 'ya'yanta uku ta dawo karatu, shi ya sa tamu ta zo ɗaya.

"Ta sake yi. Kuma mutumin Rido ya ce zai sayo sabuwa."

"Yesu na! To ki karɓa mana."

"Rhoda."

"Wasa nake. Na san al'adarku. Da zan ara miki tawa, amma ni da maigida muke kokawa a kanta, ni ma babi na huɗu ya maƙale min a wuya. Ki kai wa Sylvanus."

Sylvanus yayanta ne, yana da shagon gyara a Sabon Tasha. Kafin in je wajensa babu abin da ban gwada ba. Wani ya ce batir ne, na cire batir na bar ta a kan waya, ta mutu. Wani ya ce caja ce, na aro ta maƙwabta, ta mutu. Na ɗauke ta daga kan katifa na ɗora a kan tire. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Na saita mata fanka, ni ina gumi ita tana shan iska kamar matar gwamna. Har ƙanƙarar leda na naɗe a tsumma na jingina mata. Ta ƙara ɗan jimawa kaɗan, sannan ta yi shuɗinta ta kwanta.

Da na tashi daga makarantar yaran da nake koyarwa da safe, na ɗauke ta a jakar goyo, na hau keke zuwa Sabon Tasha. Sylvanus dogo ne, da tabarau a goshi, rediyonsa na ta waƙoƙin coci a ƙasa-ƙasa. Ya kunna ta, ya kasa kunne.

"Malama, me take yi kafin ta ɗauke?"

Na gaya masa.

"Kina buɗe abubuwa da yawa lokaci ɗaya?"

"Rubutu kawai. Sai muryoyin da na ɗauka nake saurara."

"Kina sa filas ɗin mutane?"

"Na makaranta, wani lokaci."

"Ehen! To ga shi nan. Bairos ne, ƙwaron kwamfuta."

Ya kwashe min aikina a filas, ya yi mata fomatin, ya sake loda komai. Ya zare wani ɗan siririn ƙarfe daga bayanta ya goge bakinsa da kilina ya mayar. Ya busa mata iska ta ramukan gefe. A shagon ta yi lafiya lau, kai ka ce ba ita ba ce, kamar yaron da zazzaɓinsa ke gudu in ya ga likita.

"In za ki fita aiki da safe," in ji shi, "ki bar ta a kunne, ki sa maganin bairos ɗin nan da na loda miki ya yi ta bincike. In akwai sauran ƙwaro zai kama shi."

Na yi yadda ya ce. Kullum da safe in kunna ta, in bar ta a buɗe a kan tire, in ja ƙofa in tafi.

Jama'a, sai abin ya ƙaru.

Da, takan bari in buga shafi guda ko biyu. Yanzu ko bismilla ban gama ba ta fara kuka. Na koma adana aiki bayan kowace jimla, yatsana har ya saba da kansa. Na tura wa Sylvanus hoton shuɗin allon.

"Kin bar ta tana bincike?"

"Kullum."

"Ya kama wani abu?"

"Ko ƙuda."

"Wa ke taɓa ta bayan ke?"

"Ba kowa. Daga ni sai Inna, ita kuwa ko rediyo ni ke kama mata tasha."

"Abin da mamaki. Ki ƙara gwadawa."

Ƙara gwadawa! Wata yana ta tafiya, malamin da ke duba min kundi ya riga ya ce shi ba ya karɓar uzuri, kowa da nasa. Gwaggo kuma ta ƙara wuta. In ta ji salatina daga ɗaki sai ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Allah ya ƙara! Mai ido a tsakar ka, ga ruwa a randa tana haƙar rijiya."

Shi ma gogan, Malam Zakari, bai huta ba. Hotuna yake turo min, kwamfutoci kala-kala, baƙa, fara, ruwan toka.

"Wacce ta yi miki? Ni dai ruwan tokar nan ta fi kama da ke, ba hayaniya."

"Na ce maka a bari."

"Kunya ce, na sani. Ai mace ta gari ke nan. Ki bar min komai."

A daidai lokacin allon ya sake yin shuɗi, ya tafi da hirar da na ɓata yammaci guda ina bugawa. Ni ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Amma ranar yatsuna suka riga hankalina.

"Malam Zakari, tun da kake zuwa gidan nan ka taɓa tambayata me nake rubutawa a cikinta? Ka san sunan binciken? Ni na san lambar motar Monday. Don Allah ka bar ni in ji da abu ɗaya."

Ya karanta. Na ga alamar ya karanta. Bai ce komai ba. Na kife wayar, rabi nadama rabi sanyin zuciya.

Washegari da na dawo daga aiki na lura da abin da ya tsaya min a rai. Na bar kwamfutar tana kallon taga, na same ta tana kallon ƙofa. Wayar cajar da na bari a miƙe an naɗe ta tsaf, irin naɗin da Inna ke yi wa igiyar shanya. Na shafa murfin, na ji ɗan danƙo a yatsana. Gwaggo na zuwa da hantsi, lokacin ba na nan. Tana son a karɓi kwali. Inna ba ta ce uffan ba tun farkon maganar. Allah ya yafe min, zuciyata ta kai ni inda bai kamata ba.

Ban tambayi kowa ba. Ranar Asabar muna fitowa daga lakca na ja hannun Rhoda muka wuce Sabon Tasha.

"Oga Sylvanus, yau ba busa nake so ba. Ka buɗe ta gaba ɗaya, a ga abin da ke cikinta."

"Malama, tsohuwa ce fa. In na kwance ta, wani abin ba zai koma ba."

"Ka buɗe. In mutuwa ce ta mutu a gabana."

Ya jera ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, ya bi gefe-gefe da wata 'yar roba yana ɓamɓarewa. Da murfin ƙasan ya ɗago, sai ya ja da baya. Ya sake matsowa ya shinshina. Ya sauke tabaransa daga goshi zuwa ido.

"Rhoda, zo ki ji wani abu."

Rhoda ta sunkuya, ta ɗago, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe kanta.

"Talatu! Ɗakin amarya! Wallahi kwamfutarki ɗakin amarya ce!"

Na matsa. Ni ban ji komai ba da farko, don hancin da ya tashi a gidan turare ya daɗe da mutuwa. Rhoda ta sha gaya min ko biro na ara mata sai ya kwana yana ƙamshi a jakarta. Amma idona ya gani. Fankar, 'yar ƙarama kamar murfin kwalba, ta cushe da wani baƙin danƙo mai ruwan ƙasa, ƙura ta manne a kai ta zama kamar bargo. Ramukan da iska ke fita sun toshe ruf. Sylvanus ya sa tsinke ya ɗebo, abin ya biyo shi yana miƙewa kamar alewa.

"Na ga ƙura, na ga gashin kyanwa, na taɓa ganin kyankyaso da iyalinsa," in ji shi. "Ban taɓa ganin wannan ba. Me ake ƙonawa a gidanku?"

"Turaren wuta. Da sukari ake soya shi, da mai."

"To hayaƙin ɗaki kawai zai iya fara toshe ta a hankali, shi ya sa ta fara zafi. Amma wannan, Malama, ba hayaƙin ɗaki ba ne. Wannan an ɗora ta a kan wuta ne tana kunne, fanka na zuƙa." Ya sosa ƙeya. "Kuma ni na ce ki riƙa barinta a kunne."

"Kai ka ce."

"Na busa mata iska rannan, ashe ƙara tura shi ciki na yi. Ki yi haƙuri."

Ya ɗauki lokaci yana wanke fankar da wani ruwa mai warin asibiti da tsohon buroshin haƙori, ya kankare ramukan, ya shafa sabon man sanyaya a inda ya ce nan ne ƙwaƙwalwarta. Rhoda na gefe tana ta tsiya, wai a bar mata danƙon ta kai gida ta sa a garwashi. Ni ko murmushi na kasa. Da ya haɗa ya kunna, na kasa kunne ina jiran injin markaɗe. Shiru. Sai wata 'yar iska mai ɗumi da ke fita ta gefe, wadda rabona da jin ta har na manta. Ya buɗe mata abubuwa iri-iri, ya sa waƙa, ya sa bidiyo, muka zauna har rana ta karkata. Ba ta ko yi tari ba.

A cikin keke ina rungume da jakar ina tsara maganar da zan yi. Ni da ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar har jimlolin na jera.

Tun daga ƙofar gida na ga takalma. Na mata, kala-kala. Na yi sallama na ɗaga labulen falo.

Gwaggo Dije na tsaye a tsakiya, ta sha leshinta ruwan goro na zuwa biki, reza a hannunta. Maƙwabtanmu mata sun zauna a kan kujeru da tabarma, an ma kawo ruwa. Inna kuwa tana kan kujerarta 'yar tsugunno a bakin ƙofar ɗaki, da zanen aikinta mai tabon sukari, ta ɗora wani dogon kwali a cinya, ta kifa tafukanta biyu a kan salatif ɗin.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Gwaggo. "Zo ki gaya wa uwarki ta saki kayan mutane. Tun azahar yaron nan ya aiko, na tara jama'a a sa albarka, ta rungume kwali kamar jaririn da aka ce za a yi wa kaciya."

"Yaya Dije," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa, "na ce ba za a yanka ba sai ta faɗa da bakinta."

"Bakin nata da ba ya buɗuwa? Shekara nawa muna jiran bakin?"

"To a ƙara jira."

Duk jimlolin da na jera a keke suka watse. Amma abin na cina, sai da ya fito.

"Inna, wa ke turara min kwamfuta?"

Inna ta ɗago ta kalle ni, ba alamar ɓoyo a fuskarta.

"Ni ce."

"A kan kabbasa?"

Kabbasa, ga wanda bai sani ba, kwandon nan ne da ake kifawa a kan kaskon turare a shanya tufafi a kai su sha hayaƙi.

"A kanta. Kullum in kin fita. Har habbatus sauda nake barbaɗawa, in lulluɓe da zane don kada hayaƙin ya tsere."

Wata daga cikin matan ta ce, "Ikon Allah."

"Inna, don me? Hayaƙin ne fa ya toshe ta! Numfashi take yi ta ramukan nan, kin cika mata ciki da sukari. Na yi ta hauka, na cire batir, na sa ƙanƙara, an goge min komai an sake lodawa, ashe..."

"Numfashi?" Hannunta ɗaya ya tashi daga kan kwalin ya rufe bakinta. "Wayyo ni. Ni na ɗauka baki ne ya kama ta."

"Wane baki?"

Ta kalli matan da ke zaune, ta sauke ido. "Kina wucewa da jakarki, ina jin abin da ake faɗa. Gotai-gotai da ita, sa'o'inta na kai 'ya'ya makaranta ita tana kai kanta. Da abin ya fara mutuwa daidai kin zo ƙarshe, na ce wannan ba banza ba. Ni ban san gyaran ƙarfe ba, Talatu. Abin da na iya shi na yi."

Biyu daga cikin maƙwabtan suka fara neman takalmansu da ido.

"Kuma ina jin matan nan da kike kunnawa," ta ci gaba. "Wadda ta ce mijinta ya ƙona mata littafi. Da wadda ta ce kunyar jikanta take ji ya ga tana haɗa baƙi. Ina tsakar gida ina jin su. Na ce in abin nan ya mutu da su a ciki, wa zai sake zama ya saurare su?"

Bincikena ke nan, jama'a: abin da ke sa matan Makera da Kakuri barin makarantar manya bayan sun fara. Ban taɓa zama na yi wa Inna bayaninsa ba. Ashe ta fi kowa saninsa a gidan.

Na durƙusa a gabanta, na zuge jakar, na buɗe kwamfutar a kan tabarma na kunna. Muka zuba mata ido, har da Gwaggo. Ta kawo haske, ta buɗe babi na huɗu, shiru kamar ba ita ba.

"Ta warke, Inna. An wanke mata ciki."

"Alhamdu lillahi." Ta sauke numfashi. "To wannan fa?" Ta nuna kwalin da haɓa.

Na kalli rezar da ke hannun Gwaggo. "A mayar masa yadda ya zo. In na miƙa kundina, zan ba shi amsa da kaina."

Gwaggo ta jefa rezar a jaka, ta ja mayafi. "Uwa da 'ya, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ɗaya na turara ƙarfe, ɗaya na korar arziki. Ni na tafi Tudun Wada, in kun ga dama ku aurar da ita ga kwamfutar." Ta fita, matan suka bi bayanta ɗaya-ɗaya, ba wadda ta ƙarasa ruwanta.

Inna ta jingina kwalin a bayan kujera, salatif ɗinsa ko ƙwarzane babu. Ta dawo ta tsaya a kaina tana kallon allon.

"Yanzu ko ɗan tofi ba za a yi mata ba?"

"Daga nesa, Inna. Kuma ban da yawu."

Ta yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba, ta koma wajen kaskonta, ta ja shi can ƙarshen tsakar gida kusa da rariya.

Na ɗauki waya. Tun saƙon nan nawa mai zafi bai sake cewa komai ba, sai kwalin da ya aiko. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura:

"Malam Zakari, na gode da alheri. An gyara tawa. Kwalinka na nan ba a buɗe ba, ka turo a ɗauka."

Na shirya wa doguwar murya, irin tasa mai labarin direbobi a tsakiya. Sai ga rubutu, gajere, irin wanda ban taɓa gani daga wajensa ba.

"Na ji. Kwalin tun kafin faɗanki na biya aka ce yau za a kawo, na rasa yadda zan tsayar. Ni zan zo in ɗauka da kaina. Na tambayi Gwaggo me kike rubutawa ta ce lissafi ne. Na kira Shehu ya ce bai sani ba. Ki shimfiɗa tabarma. Yau ke za ki yi magana, ni zan yi shiru."

Na karanta na sake karantawa. Shi? Shiru? Na ce a raina, wannan ko a mafarki sai na gani. Sannan wani abu ya faɗo min wanda ya fi shuɗin allo tayar min da hankali. Na iya zama in saurari mutum har ya gaji don kansa. Amma a ce ga tabarma, ga namiji ya naɗe hannu ya zuba min ido, ni ce mai magana, wallahi ban san ta inda ake farawa ba.

Na duba jikina, hijabin lakca ne duk ƙurar Sabon Tasha. Na miƙe zan canza ke nan na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, an kashe shi. Na jira irin sallamarsa mai haɗe da labarin go-sulo.

Sallama ɗaya ya yi. Ya yi shiru.

Inna ta leƙo daga tsakar gida, ludayin sukari a hannunta.

"Talatu, ba ki ji ba ne? Ke ake jira."